Ararrabin Inna a Tandabawi

Jikata ta shigo da wani itacen roba ta kafa mini a kusurwar falo. Fari ne fat, siriri, da zane-zanen baƙi a jikinsa, ga ƙananan fitilu a rassan. Ta ce irin na ƙasashen sanyi ne, na ado, ba ya shan ruwa, ba ya zubar da ganye. Na ce, to me yake so? Ta ce wuta kawai za a jona masa. Na dogara sandata na je na sa farce na kankare jikinsa ina neman ɓawo, ban samu ba. Tun ranar zaman falon ya fita raina, don abin ya tono mini abin da na daɗe da binnewa. Shi ya sa na ɗauki biro, ni da ban san alif ba sai da furfura ta fito mini, ban san bokon Hausa ba sai da wata baƙuwa 'yar Kano da ta zauna a ɗakinmu na ƙasa ta durƙusar da ni ta koya mini kamar yarinya. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri, hannun tsohuwa ne.

A Makka aka haife ni, a Tandabawi, lokacin da unguwar ba komai ba ce sai bukkoki da ɗakunan gwangwani a jikin dutse. Gwangwanin kananzir ake fasawa a buge shi ya miƙe a yi bango da shi. Da rana ba ka isa ka jingina ba, sai ya ɗauke maka fatar baya. Abin da na fi tunawa sauti ne. Da asuba za ka jiyo ladanai daga Harami da muryarsu ta Allah, babu na'ura, wannan ya ɗauka wancan ya karɓa. Daga nan sai ƙararrawar raƙuma masu shigowa ta hanyar Jidda, sai kukan jakai, sai lugude daga gidajen da aka samu dawa, sai ƙiiƙ-ƙiiƙ ɗin garewanin masu ɗiban ruwa suna gangarawa. Yanzu ina unguwar Ka'akiyya, a bene hawa na uku, taga a rufe, abin da nake ji na'urar sanyaya ɗaki ce tana gurnani kamar kare mai ciwo. In aka fita da ni a mota ina ganin itatuwa jere a bakin titi, kowanne da baƙar tiyo a gindinsa tana ɗiga masa ruwa, babu mai kallonsu. A zamaninmu yaro yana iya girma a Tandabawi bai taɓa zama a inuwar itace ba. Inuwar dutse muka sani, da ta bango.

Babana saƙƙa ne, wato mai ɗiban ruwa. Garewani biyu a sanda, ya je bazan, ma'ajiyar ruwan unguwa, ya bi layi tun duku-duku, sannan ya hau benayen Larabawa hawa huɗu hawa biyar yana juye musu a randa. Kafaɗarsa ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi. Sai ya gama da gidajen mutane sannan ya kawo mana namu, sau ɗaya tak. Da wannan za mu sha, mu dafa, mu yi alwala, mu yi wanka. Yaran yanzu da ke sakin famfo suna goge baki ba za su gane ba, kuma na gaji da yi musu bayani. A gidanmu ruwa ba ya mutuwa sau ɗaya. Wanda aka wanke shinkafa da shi, da shi za a ɗauraye kwano. Wanda aka yi alwala da shi, a kan tasa ake yi. Kuma duk inda ya zaga, ƙarshensa gindin itacen Inna.

Ararrabi ne, wanda Sakkwatawan unguwarmu ke ce wa hano. Inna 'yar ƙasar Bauchi ce, daga wani ƙauye a cikin duwatsu, kuma da ararrabi aka kewaye gidan ubanta. Baba ne ya ƙudurta zuwa Hajji a ƙafa, ita kuwa aka ce ta bi mijinta, ta bi. Shekaru suka yi a hanya, su yi noma nan, su yi ƙodago can. Ta ce suna gab da isa bakin teku, a wani tudu na ƙasar Habasha, ta ɗaga kai ta ga itatuwan gidan ubanta tsaye a kan dutse, ko dai 'yan uwansu, don ganyen ya ɗan bambanta. Ta sauke kayanta ta ƙi tafiya sai da Baba ya saro mata reshe mai kaurin damtse. Ta naɗe gindinsa da tsumma, tana jiƙa shi da rabon ruwanta a cikin jirgin ruwa, mutane na cewa matar nan tafiya ta taɓa mata kai. Da suka samu wuri a Tandabawi ta nemi tsaga tsakanin duwatsu biyu a tsakar gida, ta riƙa kwaso ƙasar da ambaliya ta tara a kwari, tasa-tasa, har ta cika tsagar. Ta kafa reshen. Ya kama. Bayan shekara ɗaya aka haife ni, shi ya sa matan unguwa ke tsokanata, su ce, "Ina yayanki mai fatar takarda?"

Gaskiya kyakkyawa ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Jikinsa fari-fari ne mai ɗan rawaya, ɓawon sama siriri kamar takarda, yana ɗagowa da kansa yana nannaɗewa, in iska ta taso ka ji yana raɗa. In ka ɗaga takardar sai ka ga kore shar a ƙasa. In ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, sai ya fitar da fure ƙanana masu ƙanshi. Lokacin da na yi wayo ya fi rufin ɗakinmu tsawo, kaurinsa kamar cinyar Baba. Ba ya 'ya'yan ci, inuwarsa ba ta isa mutum biyu ba. Baba kan ce, "Ke 'yar Bauchi, da kuka kika ɗauko da yanzu muna miya. Wannan me yake yi mana?" Inna ta ce, "Malam, ni yake yi wa. Garin nan mai tsarki ne, amma babu abin da ya san ni a cikinsa. Ina so in buɗe ido da safe in ga abu ɗaya da ya san ni." Baba ya yi dariya ya ce, "Ni fa?" Ta ce, "Kai ka san hanya, ba ka san gidanmu ba."

Matsalar ita ce duk Bahaushe ya san ararrabi magani ne. Sassaƙensa ake dafawa a sha don zazzaɓi da ciwon ciki, a yi wa mai jego wanka da shi. Ga mutane cike da unguwa, nesa da gida, kowa da ciwonsa, ga ararrabi guda ɗaya tal a tsaye. Kullum sai an yi sallama. "Uwar gida, ɗan kaɗan, ko kamar yatsa." Inna ta ce a'a. Ita kanta ko ciwon kai take yi ba ta taɓa shi. Takan ce, "In na ba ki yatsa, na ba waccan yatsa, unguwar nan yatsu nawa ne? Ga reshe in sara miki, je ki dasa naki." Babu wadda ta taɓa karɓa. Dalili na ɗaya, ruwa. Na biyu, mutanenmu na lokacin ba sa dasa komai, don kowa baɗi zai koma gida. Tsohon da ya yi shekara talatin a unguwar, haƙoransa sun zube a nan, in ka tambaye shi sai ya ce da zarar an sauko daga Arfa zai kama hanya. Dasa itace a wurinsu kamar ka tsaya a tsakiyar unguwa ne ka ce babu mai komawa. Ba su yafe wa Inna wannan ba, ko da ba su faɗa ba. Abin da suke faɗa shi ne rowa. Wai mace tana maƙwabtaka da Ɗakin Allah tana hana bayin Allah magani don ta samu abin kallo.

Da roƙon ya ishe ta sai ta samo dabara. Ta riƙa cewa, "Ku ji tsoron Allah, nan cikin Harami muke, ba a sarar itace, ba a cire ciyawa. Wanda ya taɓa shi ya nemi abin yanka." Wannan ya riƙe mutane shekaru. Sai mijin wata ya kai maganar gaban malamin da ke karantar da manya a rumfa, malam ya ce hanin yana kan abin da ya tsiro da kansa ne, wanda ɗan Adam ya dasa da hannunsa babu laifi. Matar ta zo da labarin har da rangaji. Inna na tsugune tana suyar gyaɗar da take sayarwa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Malam ya yi gaskiya. To wanda ya dasa da hannunsa bai yarda ba. Koma ki tambaye shi wannan kuma."

Ni kuwa na tsani itacen nan, gara in faɗa tun yanzu. Ni ce mai bi da tasa in tara ruwan alwalar kowa, ni ce mai tace shi kada sabulu ya shiga, ni ce mai korar awakin maƙwabta da rana tsaka alhali sa'o'ina na wasan 'yar tsana a inuwar dutse. Inna mace ce mai kaushin hannu da kaushin baki. Ba na tuna ranar da ta shafa kaina haka kawai. Amma kowace safiya, in ta idar da salla, sai ta je ta dafa jikin itacen da tafin hannunta, fuskarta ta saki, ta zama wata mace da ban sani ba. Ina leƙenta ta ramin gwangwani. Wata rana na kurɓi ruwan shinkafa da aka ajiye masa, don ƙishirwa ta dame ni, ta ba ni mari ɗaya da har yau in na tuna kunnena na hagu yana amsawa. Ta ce, "Ke kina da baki ki roƙa. Shi da wane baki zai roƙa?"

Shekarar da abin ya faru ina da kamar shekara sha biyu, Hajji ya faɗo cikin tsananin zafi. A lokacin Hajji unguwarmu kan zama kufai. Maza su tafi dako da ɗiban ruwa a Arfa da Mina, mata masu ƙarfi su tafi dafa wa alhazai abinci. Babu mai saura sai tsofaffi da marasa lafiya da yara. Baba ya riga ya tafi. Inna za ta yi kwana bakwai a Mina. Ta cika randa, ta nuna mini iya inda zan sha kowace rana da iya na itace, ta damƙa ni a hannun Goggo, tsohuwar da ke katanga ɗaya da mu. Goggo ita ce unguwarzomar unguwa, ita ta yanke mini cibiya, amma a lokacin idonta ya tafi, sai haske da duhu take bambancewa, ƙafa kuma ta ƙi. Inna ta ɗaura ƙunshinta a ka, ta kai bakin ƙofa, ta juyo. Na ɗauka ni za ta yi wa magana. Ta ce, "Ko Sarkin Makka ne ya aiko, ki ce ba na nan."

Kwana biyu da tafiyarta, da hantsi, na ji Goggo tana buga gwangwanin katanga da sandarta.

"Ke 'yar gidan saƙƙa! Kin mutu ne? Zo nan."

Na zaga. A ɗakinta akwai wata yarinya 'yar Damagaram, baƙuwa, da suka iso da mijinta watanni kaɗan kafin nan. Ta haihu kwana huɗu da suka wuce, mijin yana Arfa yana dako. Tana kwance a tabarma, leɓenta ya tsage, idonta a buɗe amma ba ta ganin kowa. Ɗakin yana wani wari da ban taɓa ji ba. Jaririn na gefe yana kuka kamar ɗan kyanwa.

Goggo ta ce, "Taɓa goshinta."

Na taɓa, na janye hannu.

"Kin ji? Zazzaɓin jego ne. In ya kwana biyu a haka, sai dai mijinta ya dawo ya tarar da ɗa babu uwa. Ɗauko wuƙa ki sassaƙo mini yayanki."

Na ce, "Goggo, Inna ta hana."

"Na san ta hana, ai ba kurma ba ce ni. Uwarki za ta dake ki, ki yi kuka, ki ci tuwo. Wannan in ta tafi wa zai dawo da ita? In kin ga likita a unguwar nan kira mini shi. In ba ki gani ba, tashi."

Na tashi. Na ɗauki wuƙar da Inna ke yanka albasa. Na san duka zan sha, na kuma yarda da dukan tun kafin in sa hannu. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake sassaƙa. Goggo ba ta faɗa mini ba, don a wurinta wannan ba abin faɗa ba ne, kamar ka koya wa mutum yadda ake shan ruwa. Duk yarinyar da ta tashi a ƙauyen Hausa ta bi uwarta daji ta gani. Ni kuwa itace ɗaya na taɓa sani a duniya, kuma ban taɓa ganin an sa masa ƙarfe ba. Abin da na gani shi ne takardar jikinsa, in za ta ɓare, zagaye take bi tana nannaɗewa. Sai na ce a raina, ashe haka hanyarsa take. Na rungume shi da hannun hagu, na kafa wuƙa daidai ƙirjina, na ja ta a kwance.

Wani farin ruwa mai danƙo ya fito, ƙanshinsa kamar turaren Harami. Na ciro kamar tafin hannu na kai wa Goggo. Ta shafa ta ce, "Shayi zan dafa da wannan? Tukunya zan cika, na sha da na wanka. Ƙaro." Na koma na ƙara, daga inda na tsaya. Washegari ta ce a ƙara, na ci gaba ta gefe. Ina yi ina daidaita bakin yankan sama da ƙasa, ina kankare abin da ya maƙale har sai farin itacen ciki ya fito tas, don kada a yi asarar ko kaɗan. Rana ta uku wuƙata ta iso inda na fara. Na ja da baya na duba: farar ɗamara mai faɗin taƙi ɗaya, ta zagaye shi daidai wa daida. Ganye na nan kore a sama, iska na kaɗa shi. Na zuba masa ruwansa na ranar, har na ƙara masa daga nawa.

Yarinyar ta tashi. Ko ararrabin ne, ko kwananta ne bai ƙare ba, Allah ne masani. Rana ta huɗu ta nemi kunu.

Inna ta dawo da hantsi, ta yi baƙi ta rame, muryarta ta dishe da hayaƙi, da ƙunshin busasshen naman hadaya a kanta. Na tsaya a bakin ɗaki na haɗe jikina ina jiran duka. Kamar kullum, wurin itacen ta fara nufa. Ta tsaya. Ta sauke ƙunshin a hankali kamar mai ƙwai a ciki. Ta durƙusa ta sa yatsa a cikin yankan, ta bi shi, tana tafiya da gwiwa tana zagaya itacen, har ta dawo inda ta fara. Ta sake zagayawa. Daga baya na gane abin da take nema: ko siririn ɓawo ɗaya da ya haɗa sama da ƙasa.

Ta ce, ba ta dube ni ba, "Wa ya aike ki?"

"Goggo."

"Ita ta ce ki zagaye shi?"

"A'a."

"Wa ke ciwo?"

Na faɗa mata.

"Ta tashi?"

"Ta sha kunu."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu, tafin ƙafarta duk faso. Na jira marin, bai zo ba. Na matsa kusa don ta samu sauƙin kai hannu, ba ta kai ba.

Goggo ta ji muryarta ta lallaɓo da bango, tana cewa, "Ni na sa ta, in duka ne ga bayana." Inna ta kama hannun tsohuwar ta ɗora a kan yankan. Goggo ta shafa, ta bi, ta bi, sai ta saki salati. "Wayyo ni! Ɗamara ta yi masa? Ke wace irin 'yar Hausa ce da ba ta san gabas da yamma ba?" Inna ta ce, "Irin wadda aka haifa a kan dutse, Goggo. Ƙyale ta." A nan ne na fara jin tsoro na gaske. Na ce, "Inna, ai ganyensa na nan." Ta ce, "Kaza ma in an yanka ta tana gudu."

Duk da haka ba ta sallama ba. Ta kwaɓa laka da kashin raƙumi ta shafe yankan, ta yage zaninta mai kyau, wanda take zuwa Harami da shi, ta ɗaure. Ta sari rassa uku ta kafa a gefen ɗaki, amma zafin shekarar nan da iskarsa mai kama da bakin murhu suka busar da su kafin wata ya zaga. Shi kuwa babban ya ƙi nuna komai. Wata ɗaya, wata biyu, ganye kore. Baba ya dawo ya duba ya ce, "Kin gani? Ɗan Bauchi ne, taurin kai gare shi kamar mai shi." Inna ba ta yi dariya ba. Ta karɓe aikin ban-ruwa daga hannuna, ba da faɗa ba, kawai na wayi gari na ga tasa a hannunta. Na samu abin da na daɗe ina so, na je wasa cikin sa'o'ina, wasan ya ƙi shiga.

Da sanyi ya shigo ya zubar da ganye kamar yadda ya saba. Sai ya yi fure. Ban taɓa ganin ya yi irin wannan ba, kowane reshe ya cika har yana rinjaya, ƙanshi ya kai bakin hanya, ƙudan zuma da ba mu san akwai su a Makka ba suka zo. Mata suka riƙa leƙowa suna cewa, "Barka, uwar gida, ya warke!" Har 'yar Damagaram ta zo da ɗanta a baya ta durƙusa tana godiya tana kuka. Ni ma na saki jiki, na yi barci mai daɗi kwana da kwanaki. Na ce wa Inna, "Kin ga ya tashi." Tana tsince tsakuwa a shinkafa ta ce, "Sallama yake yi."

Furen ya zube. Lokacin toho ya zo ya wuce, babu ko ɗaya. In ka kama kan reshe sai ya karye ƙas. Inna ta bar shi mako biyu tana zuba ruwa, sannan wata safiya ta kwance tsumman, lakar ta zubo, ƙasan yankan ya yi baƙi. Ta ce, "Bi gida-gida. Ki ce duk mai son sassaƙe ta zo da kwano, tun bai gama bushewa ba."

Suka zo. Matan da suka shekara goma suna roƙon yatsa ɗaya suka cika tsakar gidanmu, amma babu mai kallon Inna a ido. Ita ta fito da wuƙar albasa ta wasa ta a dutse. Na ɗauka za ta fara rabo ne, sai ta ce, "Ke, zo." Ta sa mini wuƙar a hannu, ta tsaya a bayana ta rufe hannuna da nata. Tafinta kamar dutsen niƙa. Rabon da ta riƙe ni haka tun ina goye.

Ta ce, "Ina rana ke fitowa?"

Na nuna.

"To daga nan ake farawa. A tsaye, ba a kwance ba. Daga sama ki gangaro, faɗin yatsa uku. Kada ki kai ƙashi." Muka ja tare, sassaƙen ya fito dogo. "Yanzu zaga yamma, ki ɗauki ɗaya. Shi ke nan. Kudu da arewa nasa ne, ta nan yake ci. Ki shafe da ƙasa, ki ba shi shekara biyu kafin ki dawo. Da na nuna miki wannan tun kina ƙarama, da na riƙa ba mutane yatsa-yatsa kina gani, da yanzu yana tsaye. Na hana ki gani, na hana su samu. Kada ki ɗauki abin da ba naki ba ki ɗora a kai."

Da na yi shiru a nan da na tsira. Amma akwai abin da ke cina tun ranar farko, kuma sauƙin da ta yi mini ya fi duka zafi. Na ce a hankali, yadda matan ba za su ji ba, "Inna, wallahi ban san zai mutu ba. Amma da nake yankawa, daɗi na ji."

Hannunta bai motsa daga kan nawa ba. Na ji numfashinta a ƙeyata, sau ɗaya, sau biyu.

Ta ce, "Na sani. Mai tsoro ba ya daidaita bakin yanka haka."

Na fara kuka. Ba ta rarrashe ni ba, ba ta kuma sake ni ba. Ta ƙara matse hannuna a kan ƙotar ta ce, "Share idonki, za ki yanke. Goggo ce farko, ita ce babba. Riƙe wuƙar da kyau."

Muka sassaƙe shi tare har azahar, ni da ita, gabas da yamma, gabas da yamma, kamar mai sauran rai, sannan muka ɗauki kudu da arewa don babu sauran wanda za a bar wa. Kowace mace ta tafi da kwano cike. Inna ba ta ajiye ko ɓalli ba. Da tsakar gida ta watse ta kife tasar alwala a kan rufi ta ce daga yau kowa ya yi alwalarsa a ƙasa. Da la'asar na ga ta tsuguna tana alwala, ta kai hannu gefe don ta jawo tasar, hannun ya tsaya a iska. Sai ta ci gaba, ruwan na zuba a kan dutse yana bushewa kafin ya gangara, tana kallonsa, ni ina kallonta.